Ranar da Aka Yi wa Kogi Canjin Wurin Aiki

A shekarar da Zaki ya cika goma a kan gadon mulkin Dajin Marke, kogin da ke shayar da talakawa ya ƙafe ƙaf. Wata jaka mai suna Tambai, wadda ke noman albasa a fadama, ta san inda ya tafi, domin da bayanta aka yi jigilar ƙasar madatsar da aka tare shi da ita. An karkatar da ruwan zuwa gonar raken Giwa, attajirar dajin, ragowar kuma ya cika tafkin wankan sarki.

Tambai ta ja jakuna suka kai kuka fada. Kura, Ministar Ruwa, ta miƙe ta gyara murya.

"Allah ya ja zamanin Manyan Dawa. Jama'a, kogi bai ƙafe ba, canjin wurin aiki aka yi masa domin ci gaban ƙasa. Duk mai hulɗa da shi, ƙofa a buɗe take."

Fadawa suka ce gaskiya ne. Zaki ya yi hamma, aka tashi.

A hanyar gida Tambai ta iske Dorina da iyalinta kwance cikin busasshen taɓo, kadoji na gefe suna haki. Ta yi musu sannu da zafi, ta kwashe jawabin Minista ta faɗa musu, ba ta ƙara ko gishiri ba.

Dorina ta ɗaga kunne. "'Yar'uwa, kin san hanya?"

"Ni na yi ta," in ji Tambai.

Kafin la'asar dorinai sun shiga rake suna ci suna santi. Giwa ta ruga fada tana kururuwa, sai ta tarar da sarki a saman katanga, kadoji sun cika tafkinsa, sauro kuma ya biyo su da nasa iyalin. Daga can saman Zaki ya ba da umarni a fasa madatsar.

Washegari ruwa ya gangaro fadama. Kura ta kafa rumfa, ta kira makaɗa, ta ƙaddamar da Shirin Dawo da Kogi, wanda ta ce ta daɗe tana tsarawa. Sannan ta ce a tafa wa sarki.

Tambai ta dubi kofatonta, ta dubi na maƙwabtanta. Suka sunkuya suka ci gaba da shan ruwa.