Babbar Rigar da Ta Ɓatar da Ni a Kasuwar Makarfi

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a kasuwar Makarfi ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran tunanina. Da hantsi na kawo rake a babur, na tarar ana ta ƙus-ƙus: wai wani saurayi ya zo daga Zariya da kyamara mai dogon baki, yana ɗaukar masu iya ado yana sakawa a intanet. Har an ɗauki taubashina Ɗanlami, yana ta hura hanci.

"Kai kam ko akuya ta ga shigarka sai ta canza hanya," in ji shi.

Ni? Na rantse sai an ɗauke ni a gaban idonsa. Na bar raken, na fyalla gida, na aro babbar rigar yayana (ta sha sitaci har tana iya tsayawa da kanta ta amsa sallama), na kafa hula, na maka tabarau, na yi wanka da turare.

Na dawo na yi ta safa da marwa a gaban yaron nan, gumi na bin bayana kamar an buɗe famfo. Can sai na ji ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji!"

Na karkace kafaɗa, na shanye tumbi.

"Don Allah, wani bawan Allah nake nema. Ko ka san shi?"

Ya nuna mini fuskar kyamarar. Wani ne a kan babur, da malfa mai huji, rigar ƙwallon ɗansa ta kasa rufe cibiya, wando a nannaɗe, guntun rake a baki, yana dariya har kana hango dasashi.

Jama'a, ni ne.

"Duk yau ban ga mai tsari irin nasa ba. Izininsa nake nema, in ƙara ɗaukarsa."

Na gyara murya na ce, "Gaskiya ban san shi ba."

Ɗanlami ya faɗi ƙasa yana dukan cinya. "Yaro, leƙa cikin tantin rigar nan, yana ciki!"

Yaron ya dube ni, ya dubi hoton, ya sosa ƙeya. "Baba, ko za ka daure ka je ka cire wannan?"

Na je na cire, kasuwa na rakiyata da shewa. Tun ranar na gane: in Allah ya yi ka da naka fasalin, ko na ban dariya ne, riƙe abinka. Na aro sai ya sa ka musanta kanka da bakinka.