Ranar da Na Watsa wa Maman Chidi Gishiri

Duk unguwarmu a Zuru babu wadda ta kai ni sanin fatalwa. Shekara nawa ina kallon finafinanta? Har maƙwabta nake koya wa cewa gishiri ne maganinta.

Ranar nan ina tuƙa tuwo, na ɗago kai, sai ga farar fuska fat a bakin ƙofa. Na dumbuzo gishiri na watsa mata, ina ihu.

"Haba maƙwabciya, idona! Ni ce fa!"

Ashe Maman Chidi ce, ta shafa farar ƙasa da nono. Ni na tura mata haɗin daga shafin kwalliyar da nake bi, ta zo nuna mini.

Har yau in na je sayen gishiri a shagonta, sai ta kare fuska ta ce, "Na miya ko na yaƙi?"