Yadda Za Ka Kamo Wutar Lantarki a Ruwan Kifi Ba Tare da Ka Ba Matarka Gaskiya Ba

Kai mai akwatin gilashin kifi a falo, matso kusa. Idan iyalinka ta ce ruwan kifin yana jan ta, ga hanyar da za ka gano wutar, ka gyara, girmanka bai zube ba. Tabbatacciya ce. Malam Ɗalha na Gwammaja ya gwada ta shekarar da soja suka koma bariki, kuma har yau yana da rai.

1. Ka ƙaryata

Ranar da Uwani, matar Ɗalha, ta tsoma hannu za ta kwashe dattin ruwan, sai ta yi tsalle ta ce, "Malam, abin nan ya ja ni har kafaɗa." Ɗalha ya tako da silifas ɗinsa na roba, waɗanda ko a tsakar ɗaki ba ya cirewa saboda faso, ya zurma hannu har gwiwa. Shiru. Ya ce, "Ina wutar? Tsoro ne kawai." Kai ma haka za ka ce, kuma ka haɗa da murmushi. Murmushin ne ya fi ciwo.

2. Ka kafa shaida da kifi

Nuna mata kifayen suna ta yawonsu. In da wuta, ai da tuni sun soyu. Kada ka saurari mai cewa wuta hanyar ƙasa take nema, kifi kuwa ba ya taka ƙasa. Irin wannan ilimin ɓata gardama yake yi.

3. Ka kaɗa ƙuri'a

Mulkin farar hula ake, kowa da bakinsa. Ɗalha ya kai maganar majalisarsu ta ƙofar gida. Mutanen da ko kifin ba su taɓa gani ba suka ɗaga hannu, masu cewa babu wuta suka yi rinjaye. Wani ma ya ce a nema wa Uwani rubutu, ƙila iska ce. Maganar ta koma kunnenta. Jan wuta ta jure shi, amma a ce ta taɓu, a bakin layi, mijinta yana zaune yana dariya? Wannan ya ƙona mata rai. Ta yafa mayafi, sai gidansu a Dala.

4. Ka karɓi suruki da ladabi

Mahaifinta, Baba Maharazu, shi ya dawo da ita da kansa. Ya ce ruwan zai gani: in ƙarya take, ya ba da haƙuri; in gaskiya ce, tare za su koma.

To, wa ke tsayuwa gaban suruki da takalmi? Tun daga zaure Ɗalha ya tuɓe silifas, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Simintin falon kuma bai gama bushewa ba, don Ɗalha da kansa ya goge shi da ruwa saboda baƙo. Ya naɗe hannun riga ya ce, "Baba, ka gani da idonka." Ya tsoma.

Maƙwabta sun ce ba su taɓa sanin Ɗalha ya iya salati da ƙarfi haka ba. Hula ta yi gefe, shi ya yi gefe. Baba ya dube shi a zaune a ƙasa, ya ce, "Malam Ɗalha, ko tsoro ne kawai?"

5. Ka kira mai gyara, tunda asiri ya tonu

Uwani ce ta zare filogi daga bango. Aka kira Musa mai wayarin. Bai sa hannu a ruwa ba. Bakin testa, abin gwada wuta, ya tsoma, yana jona kayan wutar akwatin ɗaya bayan ɗaya. Fitila lafiya. Ana jona ɗan injin da ke juya ruwan, testa ta kawo ja. Ashe wayar injin ce ta gaza kai soket, Ɗalha ya ƙara mata wata, ya naɗe mahaɗin da ledar burodi, mahaɗin kuma ya zame ya faɗa ruwa. Musa ya sake waya, ya ɗaure ta sama, ya haɗa wayar da ke kai wuta ƙasa.

6. Abin da Musa ba ya gyarawa

Wuta ta fita, amma Uwani tana tsaye a bakin ƙofa, mayafi a ka, Baba kuma yana laluben takalminsa. Ɗalha ya ga da gaske ake. Ya ce a hankali, "Uwani, kin faɗa, ban ji ba. Gaskiyarki ce."

Baba ya ce, "Ni na ji. Majalisa ce ba ta ji ba."

Haka Ɗalha ya fita ba takalmi, da fasonsa da komai, ya tsaya gaban masu ƙuri'a ya maimaita da ƙarfi. Da ya dawo, ya tarar da mayafin a ninke kan kujera.

Sanarwa: duk wanda ya bi matakan nan wuta ta ja shi, ko matarsa ta yi yaji, kada ya neme ni. Ban san shi ba, ban taɓa kiwon kifi ba. An ce akwai gajeriyar hanya, wai ka zare filogi ka yarda da matarka tun ranar farko. A majalisarmu dai babu wanda ya taɓa gwada ta.