Ranar Da Na Ce Ba Kowa A Gida

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Dogon Dutsi ba. Ko na so in manta ma, matan majami'armu ba za su bar ni ba.

Wata uku ke nan da aka maido ni garin ina koyar da Faransanci a lakwal, wato makarantar boko. Majami'armu ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma tun zuwana mata suke kirana Madam. Sunan ya hau mini kai, ba na musu. Wata rana matar fasto ta ce ni zan ja nazarin Littafi Mai Tsarki na zumuntar mata, a kan tambaya guda: mene ne tushen koyarwar Kirista, kuma me take nema a wurinmu? Na ce mata ai wannan mai sauƙi ne. (A raina kuwa har na fara hango kaina a kujerar shugabar mata, don zaɓe ya kusa.)

Mako guda na yi ina shiri. Na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, da bik, wato biro, ja da shuɗi. Na bi Linjila aya bayan aya, na leƙa wasiƙun manzanni, na gwada fassarar Hausa da ta Faransanci. Har wata kalmar Helenanci na haddace wadda ban san yadda ake furta ta ba. Duk inda na juya wuri guda nake komowa: Almasihu, da ƙaunar da ya nuna mana, da wadda ya ce mu nuna wa maƙwabci. Shafi goma sha ɗaya na cika. Maigidana ya ci shinkafa da wake kwana uku a jere.

Ranar Asabar da azahar, zafi kamar kwanon rufi zai narke, ina gaban madubi ina gwada inda zan ɗaga murya da inda zan sassauta, sai na ji sallama a ƙofa. Muryar tsohuwa ce. Na ci gaba da gwajina. Ta sake sallama, ta ce a taimaka mata da ruwa, kuma tana neman gidan fasto. Ni kuwa daidai lokacin na iso wurin da na tabbata zai sa mata hawaye. Ko labule ban ɗaga ba na ce da ƙarfi, "Ba kowa a gida!" (Har yau ban san wanda nake zaton zai yarda da wannan magana ba.) Na ji takunta ya yi nisa, na koma ga madubina.

Da la'asar muka taru, mata kamar ashirin. Akwai wata baƙuwar tsohuwa kusa da matar fasto, aka ce Inna Saratu ce, gwaggon fasto, daga Matankari ta zo. Na gaishe ta har da rusunawa, sannan na fara.

Gaskiya abin ya yi kyau. Mata suna gyaɗa kai, wata ma ta share ido. Da na tsaya nan da na tsira. Amma daɗin baki ya ɗebe ni, na rufe kaye na tambaya ko akwai wadda ta ga irin wannan ƙauna da idonta kwanan nan.

Inna Saratu ta ɗaga hannu. Ta ce yau ɗin nan ta gani. Ta sauka a tasha, ta ɓace hanya, ƙishirwa ta dame ta, ta yi sallama a wani gida, sai gidan da kansa ya amsa mata cewa ba kowa. Mata suka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa ta dole ce. Ta ce wani malami mai gemu da ke da shago a tsallaken gidan shi ya zaunar da ita, ya ba ta ruwan sanyi, ya rufe shagonsa, ya ɗauki ƙullinta har ƙofar fasto.

Malam Idi ke nan, maƙwabcina Musulmi, wanda tun zuwana na yanke masa hukunci cewa ba ya son irinmu, don haka gaisuwa ma daga nesa nake jefa masa.

Wata ta tambaya wane shago. Inna ta ce mai sayar da bokitai, gindin dogon yaro. Duk majami'ar an san wadda ke zaune a tsallaken shagon nan. Kawuna suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, tun da kika hwara magana nike jin kamar na san muryar ga. Ki ce 'ba kowa' in ji."

Matar fasto ta rufe fuska da littafin waƙoƙi, kafaɗunta suna rawa. Ni dai na durƙusa na ce ni ce, Inna, ki yafe mini.

Ta dafa kaina ta ce, "Tashi, ɗiyata. Karatunki daidai ne, ko kure guda ba ki yi ba. Ruwan ne dai ban samu ba."

Da zaɓe ya zo ba a ba ni shugabanci ba. Baki ɗaya aka naɗa ni mai tarbar baƙi, aka danƙa mini randa da moɗa. Na kuma je har shago na yi wa Malam Idi godiya. Ya daɗe yana tunani kafin ya gane tsohuwar da nake nufi, sannan ya ce ai wannan ba abin godiya ba ne, ya tambayi lafiyar maigida.

Abin da na koya bai cika shafi guda ba. In kana shirin wa'azi a kan ƙauna aka yi maka sallama, tashi ka buɗe, wa'azin zai jira. In kuwa ka nace sai ka ce ba ka gida, to don Allah kada ka faɗa da bakinka.