Romon da na shayar da Alhaji a Guangzhou

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya ja mini a Guangzhou ba.

Alhaji Tanko, dattijon zango daga Kumasi, shi ne maigidana a shagon kujeru da ke titin Gate City Boulevard a Greensboro ta Amurka. Da ya tashi zuwa China ganin masana'antu, sai na bugi ƙirji na ce ai ni na san al'adunsu ciki da waje (ilimina kaf bidiyon YouTube ne da shinkafar 'yan China da nake saya a titin Wendover). Ya yarda, ya saya mini tikiti. Sharaɗinsa ɗaya ne: "Malam, kar ka bari in ji kunya a gaban mutane. Abin da ka yi shi zan yi."

Garin ya tafi da ni. Ina ta leƙe-leƙe: tsofaffi na rawa a dandali da safe, mai sayar da lemo ma da waya ake biyansa. Muka wuce Foshan, inda za ka yi tafiyar mintuna masu yawa a mota ba ka ganin komai sai shagunan kujeru.

Misis Lin, mai masana'antar da muka je wa, ta kai mu gidan abincin Musulmi a Guangzhou, ita da abokan aikinta biyar. Muka ce su zauna, mu yi azahar tukuna. Da muka dawo, ga wani babban kwano a tsakiyar tebur, ruwa ja-ja a ciki yana tururi.

"Wannan fa?" Alhaji ya raɗa mini.

"Romon buɗe ciki ne, Alhaji. Ƙin sha raini ne."

Na ɗebo masa, na ɗebo wa kaina. Muka yi bismilla muka shanye. Alhaji ya ɗan tauna baki ya ce, "Gishiri bai ji ba." Na ce haka suke yinsa.

Sai Misis Lin ta miƙo hannu a hankali ta ɗauki kofina da sandunan cin abincina, ta ɗauraye su da shayi mai zafi, ta juye ruwan a cikin kwanon nan. Ashe haka kowa ya yi kafin mu zo. Ruwan wanke-wanken mutum shida muka sha.

Wallahi ji na yi kamar in shige ƙarƙashin tebur. Alhaji ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya juyo.

"Malam, akwai saura. Ƙara mana."

Ban ƙara ba. Sauran kwanakin, da kansa yake tambayar Misis Lin komai da hannu da ka, ni ina biye da jaka. Yanzu ko ruwan gora aka ajiye mini a baƙon wuri, sai na ga mai gida ya kai baki tukuna.