Tumatir Ba Ya Jiran Majalisa

A Dajin Marke kowace dabba ta san matsayinta. Zaki ke mulki, Kura ke riƙe da sarautar kasuwa, Dila ke fassara doka, sauran dabbobi kuma suna noma, suna dako, suna cin abin da ya sawwaƙa. Ba za a ce kowa na jin daɗi ba, amma dai kowa na ɗora tukunya, kuma a daji wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kasuwar kayan gwari tana gindin wata tsohuwar tsamiya, kusa da mashaya. Tsarinta mai sauƙi ne. Da sassafe manoman fadama za su iso da kwandunan tumatir da tattasai da albasa a bayan jakuna. Dillalin kasuwar, wani biri mai suna Gagare, zai yaye ciyawar da aka rufe kwando da ita, 'yan sari su leƙa su taya. Mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya sake cewa albarka, a yi kamar za a tafi, a dawo, a ƙarshe ya ce ya sallama. Kafin rana ta yi zafi an watse. Da rani kaya kan yi araha saboda yawa, da damina su yi tsada saboda ƙaranci. Kowa ya san haka, kowa kuma kan yi ƙorafi a lokacinsa: manomi da rani, mai saye da damina.

Wata damina tumatir ya yi wuya ƙwarai. Giwa, wadda gidanta kaɗai kan tashi da rabin kasuwa, ta je fada ta yi kuka har ganye na zuba daga itatuwa. Zaki ba ya son hayaniya bayan ya ci abinci, don haka ya ba da umarni a kafa Majalisar Farashi, ya koma barcinsa.

Dila ne ya tsara ta, kuma ya yi bayani a gaban taron dabbobi.

"Jama'ar daji," in ji shi, "wanda ke cin abu ba zai yi adalci a kansa ba, domin cikinsa zai riga hankalinsa magana. Saboda haka ba za mu sa Zomo ko Barewa a wannan majalisa ba. Za mu sa waɗanda tun da aka haife su tumatir bai taɓa shiga bakinsu ba."

Aka naɗa Kura shugaba, aka sa Damisa da Ungulu da shi Dila kansa. Dokar kuwa ba ta da tsawo: ba mai buɗe kwando sai majalisa ta faɗi farashi, kuma ba mai sayarwa sama ko ƙasa da abin da ta faɗa. Da aka zo kan wanda zai wakilci talakawa, Dila ya ce a duba wa ya fi yawa a kasuwa. Aka duba, aka ga ƙudaje ne. Babbansu, wani ƙosasshen ƙuda mai suna Tsalha, ya zama Wakilin Jama'a. Ya dace da muƙamin, don ko ba a ce komai ba za ka gan shi yana murza hannu cikin ladabi.

Da farko abin bai yi muni ba. Majalisa kan zauna, ta faɗi farashi da hantsi, a yi ciniki. Sai wata rana Ungulu ta tsawaita jawabi har azahar. Kwandunan da ke bakin rana suka yi laushi, 'yan sari suka ƙi saye a farashin lafiyayye, doka kuma ta hana a rage musu. Aka kwashe kayan aka zubar a bayan kasuwa. A ranar ƙudaje suka ci abincin da ko kakanninsu ba su taɓa gani ba.

Ƙuda bai yi karatu ba, amma ba ya bukatar a maimaita masa darasi. Daga ranar, duk wanda ya miƙe zai yi magana a majalisa, ƙudaje sai su ɗauki tafi da fukafukai, zuuu, har wurin ya ɗauka. In ya nuna alamar zama, sai Tsalha ya yi tsalle ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara mana! Talakawa ba su ƙoshi ba!" Kada a ga laifin 'yan majalisa da yawa. Dabbobi ne da duk rayuwarsu gudunsu ake yi, ba a taɓa tafa musu ba. Zama ya fara kaiwa la'asar, daga nan ya fara kwana.

Ana cikin haka rani ya zo, tumatir ya nuna a fadama. Cikin manoman akwai wata beguwa mai suna Tabawa, uwar 'ya'ya ƙanana, wadda ba ta da gonar hatsi ko taki ɗaya. Abin da ta sayar na tumatir da rani, da shi take sayen dawar da za ta kai gidanta ƙarshen damina. Gonarta kuwa tsinka biyu take bayarwa mai kyau. Ta ɗora tsinkar farko a bayan Mati, jakin da ke yi mata dako, suka iso kasuwa tun raɓa ba ta bushe ba.

Gagare na zaune a kan reshe yana sosa ciki, don tun da aka kafa majalisa aikinsa ya koma kallo.

"Sannu da zuwa, Inna Tabawa. A ajiye a layi. Ana zama."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya. Yanzu Damisa ke magana."

"A kan me?"

"Yana tambaya ko tumatir na da ƙashi. Ya ce in ba shi da ƙashi, me ake saye a cikinsa?"

Mati ya sauke numfashi. "Ni dai a sauke mini kayan nan. Da a ce ni ne a majalisar, da kuka ɗaya zan yi a tashi."

"Kai da kukanka ke kaiwa ƙauye uku?" in ji Gagare. "Da ƙudaje sun naɗa ka Waziri."

Tabawa ba ta yi dariya ba. Ta jawo kwandunanta inuwa, ta yayyafa wa ciyawar ruwa, ta zauna. Rana ta hau, ta karkata. Washegari ta ga ruwa ja-ja ya fara tsatsafowa ta gindin kwando ɗaya, ga kuma wasu ƙudaje sun jeru a gefe suna jira cikin natsuwa, kamar masu jiran a buɗe walima.

"Gagare," ta ce a hankali, "ga Gafiya can mai sari, tun jiya take kallon kayana. Yaye mata kwando ɗaya mana. Wa zai gani?"

"Inna, ki rufa mini asiri. Kin san mai ido dubu ke gadin wurin nan. Shekaranjiya Kurege ya buɗe, Tsalha ya kai ƙara, Kura ta kira shi gida don ta yi masa nasiha. Har yanzu ba a gama nasihar ba."

Tabawa ta miƙe ta kakkaɓe ƙayoyinta. "To, ni ma zan je in yi nawa jawabin."

Majalisa na zaune a inuwar wani dutse. Kura ce a tsaye, ta sha rawani, tana cikin magana.

"'Yan majalisa masu daraja, farashi amana ne. Wanda ya yi gaggawa a kan amana, ya ci amana. Mu da aka zaɓa saboda ba mu san kayan nan ba, wajibi ne mu kiyaye wannan rashin sani, kada wani ya ɓata mana shi."

Zuuu, in ji ƙudaje.

Da aka ba Tabawa izini, ta gaishe su yadda ya kamata, kowa da sarautarsa, sannan ta ce, "Ranku ya daɗe, maganata ba ta da yawa. Tumatir daga ranar da aka tsinke shi yake fara mutuwa. Nawa na can yana zubar da ruwa. Ku faɗi farashi, ko mai tsada ko mai araha, ni na yarda. Ku dai faɗa yau. Ina da yara."

Ta tsaya nan. Majalisa ta jira ci gaba, ba ci gaba. Aka saurari ɓangaren ƙudaje, ko fiffike ɗaya bai motsa ba.

Ungulu ta gyara wuya. "Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki. Na girme ki, kuma na ci abinci a wurare da dama. A iya sanina, abinci bai taɓa lalacewa don an jira shi ba. Ƙara daɗi ma yake yi."

Tafin da aka yi mata sai da ya tayar da ƙura. Dila ya ɗaga hannu ya yanke hukunci cikin tausasawa: an saurari mai ƙorafi, an gode mata, amma tun da talakawa ba su tafa mata ba, a bayyane yake cewa ra'ayinta ne ita kaɗai. Tsalha ya matso yana murza hannu ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Inna. Mu talakawa muna tare da ke a zuci."

Da farashi ya fito, ya fito da kyau, har manoma suka ce ba su taɓa jin mai kyansa ba. Sai dai ba sauran abin da za a sayar a kansa. Mati ne ya kai kwandunan Tabawa bayan kasuwa ya zubar.

Da tsinka ta biyu ta yi, Mati ya zo fadama da igiyoyinsa. Ya tarar da Tabawa da 'ya'yanta a kan wani faffaɗan falalen dutse, tana yanka tumatir gida biyu, yara na jerawa a rana. Dutsen ya yi ja tun daga sama har ƙasa.

"Inna, lafiya? Ko haushin ne ya taɓa ki?"

"Kauɗa nake yi, Mati. Busasshen tumatir. Kakata ta kan yi in kaya sun yi yawa."

"Ai kwando guda ba zai cika ƙwarya ba in ya bushe."

"Ƙwaryar da na kai gida ta fi kwandon da ka kai bola. Ajiye igiyar ka zo ka kore mini tsuntsaye."

Labari a fadama ba ya bukatar dako. Kafin a jima duk duwatsun gefen rafi sun yi ja. Masu tattasai suka shanya, masu kuɓewa suka yanka, masu zogale suka baza. Masu kankana da latas, da ba su da yadda za su busar da nasu, suka koma noman gero. Ba wanda ya karya doka, ba wanda ya ɗaga murya. Kasuwar gindin tsamiya ta cika da buhuna, ta daina wari, bayanta kuma ya bushe ƙayau.

Giwa ta aiko a tambaya ina ɗanyun kaya suka shiga. Majalisa ta amsa mata cewa farashin ɗanyen tumatir bai motsa ba tun farkon bazara, abin da ba a taɓa samu ba a tarihin daji. Giwa ta kasa gano inda amsar ta yi kuskure, ta koma cin miyar kauɗa.

Da hadari ya fara haɗuwa, Tabawa ta iso kasuwa da buhunanta. Mati na tafe yana rangaji, don kayan ba nauyi.

"Ana zama," in ji Gagare daga reshe. "Yau a kan kauɗa ake. Damisa na so a tabbatar ko shi ne tumatir ɗin da, ko wani ɗan'uwansa ne."

"Madalla," in ji Tabawa. Ta jingina buhu da tsamiya, ta hau kai ta miƙe ƙafa.

Daga inuwar dutse ana jiyo muryar Kura, ta kai tsakiyar gabatarwa. Tafin da ke biye da ita ya yi rauni, kamar iska a cikin busasshiyar ciyawa. Can sai aka ji wata 'yar siririyar murya. Tsalha ne, ya rame har wuyansa ya fito.

"Ranki ya daɗe, a taƙaita! A faɗi farashi da wuri, ko manoma sa dawo da ɗanye! Talakawa na jin yunwa!"

Kura ta dube shi cikin mamaki da ɗan ɓacin rai. Ta tuna masa cewa shi da bakinsa ya sha faɗa mata talakawa ba su ƙoshi da jawabinta ba, kuma ita ba mai juya wa talakawa baya ba ce. Saboda katse ta da aka yi, ta ce, za ta koma daga farko.

Gafiya mai sari ta matso ta shinshina buhun Tabawa. "Na yi kamu, Inna. Duk ranar da suka faɗa, nawa ne. Amma fa kin ji, an koma farko."

"Su yi a hankali, kada su yi tuntuɓe," in ji Tabawa. Ta ciro goro ta ɓare, ta miƙa wa Mati rabi. "Wannan ko baɗi suka gama, zai jira su."