Kaka a Cikin Jar Mota

"…Lafiya ƙalau, ya kasuwa, ya iyali?" in ji Kaka, tana dogara sandarta. "Ga maigidana na kawo maka. Ka yi haƙuri da shi, tsawon ne kawai."

Dillalin motoci ya yi dariya, ya jawo mata kujerar roba zuwa inuwar rumfa.

"Kada ka biye mata," in ji Dogo. "A hanya na tsince ta, na rasa inda zan ajiye."

Dogo jikanta ne. Kowace Talata shi ke kai ta asibiti a yi wa gwiwoyinta gashi, kuma ita ce ranar da take leƙa waje a duk mako. Daga can suke. Ya daɗe yana son motar gudu, wadda zai je aiki da ita, ranar hutu kuma ya shiga filin tsere da abokansa. Aljihunsa bai kai ga sabuwa ba, sai ta hannu, ita ma sai ya bar tsohuwar motarsa an yi musaya. Duk wadda ya ɗauka yau, ita kaɗai zai mallaka. In Kaka ba ta iya shiga da fita ba, to Talata ta koma hannun mai tasi. A hanya babu wanda ya ta da wannan magana.

Motoci biyu dillalin ya ware masa. Ɗaya ja ce, ƙarama, mai kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ɗayar mai ruwan toka, ta fi faɗi, ta fi tashi, da 'yan kujeru a baya.

Kaka ta nuna jar da sanda. "Wannan mota ce ko takalmi?"

"Mota ce, tsohuwa. Ba irin keken shanun da aka kai ki ɗaki a kai ba," in ji Dogo.

"Ina sauran? A kamfani suka manta rabinta?"

"Haka ake yin ta. Rashin nauyin shi ne daɗin."

"To kai ma ai ba ka da nauyi, ban ji daɗinka ba. Ƙafafun nan naka ina za ka zuba su? A but?"

"But ɗin naki ne. Na riga na auna."

Dillalin ya buɗe bonet, Dogo ya sunkuya. Ya zaro sandar mai ya duba, ya goga a yatsa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi yana neman tsatsa da yoyo, ya shafa tayoyin baya ya ga yadda suka ci.

"Me ya sa sai na baya kake lallashi?" in ji Kaka. "Na gaba sun yi maka laifi?"

"Su ne ke tura motar. Na gaba aikinsu bin sitiyari kawai. Shi ya sa in ka shiga kwana kake jin ta a jikinka, ka san abin da take shirin yi. Duka biyun nan haka suke."

"Wato na gaba su yi ta nuna hanya suna ƙwalisa, na baya su sha wahala."

"Kusan haka."

"Ashe gidanmu ka zo saya. Kai a gaba, ni a baya ina turi tun kana zubar da majina."

"Ke kike turi? Ni da nake jan ki kamar tirela?"

"Tirela ai kaya take ɗauka. Kai me ka taɓa ɗauko min? Miji ba cefane, ba ko turmin zane, sai hular kwano."

Dillalin ya gyara murya ya shiga tsakani. Ya ce jar ba ta shan mai, kayan gyaranta ko'ina akwai, kuma da yake ba ta da nauyi, taya da birki suna daɗewa ko an kai ta filin tsere. Mai ruwan tokan ta fi ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya, amma a kwana sai an lallaɓa ta, ga cin taya.

Dogo dai hannunsa yana kan rufin jar, yana share ƙurar da babu ita. Kaka ta dube shi, ta dubi hannun, ta daɗe tana duba.

"Buɗe min," ta ce.

"Me za ki yi a ciki?"

"Zan ga inda dukiyar gidana za ta tafi."

"Bari in kama ki."

"Kama kanka. Ni da na yi rawa a bikin uwarka har gari ya waye."

"Shi ya sa har yau ake gyaran filin."

Ta miƙa wa dillali sandar, ta juya baya, ta riƙe ƙofa, ta soma sauka. Ta sauka, ta ƙara sauka, kujera ba ta zo ba. Can sai ta tafi gaba ɗaya, motar ta ɗan girgiza. Wani abu ya gifta a fuskarta, ta yi maza ta gyara ɗankwali.

"Madalla," ta ce. "Kamar gadona."

"Na ji ƙara. Motar ce ko ke?"

"Motar ce. Tana gaishe ni."

"To kun gaisa. Fito mu duba ɗayar."

"Ina hutawa. Je ka duba, ba da idona kake gani ba."

Dogo ya zaga wajen mai ruwan tokan, ya durƙusa gaban tayarta. Kaka ta saci kallonsa. Ta zuro ƙafa ɗaya waje, takalmin ya taɓa ƙasa. Ta dafa ƙofa, ta yunƙura. Gwiwar ta ƙi. Ta sake yunƙurawa, sannan a hankali ta mayar da ƙafar ciki, ta ɗora hannuwa a cinya kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Duk wannan lokaci Dogo na kallon taya ɗaya. Taya ce dai baƙa, mai zagaye, amma ya ba ta hankalinsa sosai.

Da ya miƙe, sai ya nufi tsohuwar motarsa, ya ɗauko hular kwano ya kifa a ka. Ya naɗe ƙafafunsa ya shiga mazaunin direban jar, kusa da Kaka.

"Yau ga tukunya tana tuƙi," in ji Kaka.

"Gwaji nake. A filin tsere ba a barin mutum ya shiga in hularsa na taɓa rufi." Ya yi sama da kai, hular ta ce ƙwas. "Kash. Kin ji ko? Ta taɓa. Motar nan ta yi min kaɗan."

"Sake in gani."

Ya sake. Ƙwas.

"Miƙa wuya kake kamar raƙumin dawa. Zauna yadda Allah ya yi ka."

"Haka ya yi ni."

"Ƙarya kake. Ni na yi maka wankan farko, wuyan nan bai kai haka ba." Ta zura tafin hannunta tsakanin hular da rufi, ta kaɗa shi. "Ga shi, har da sauran wuri. Kaza ma sai ta yi ƙwai a nan."

"Hannunki ai ba hannu ba ne, tsinke ne."

"Tsinken da ya tsame ka daga randa kana shekara biyu. Da na sani na bar ka ka jiƙu, ko ka yi laushi."

"Kuma giyarta tauri gare ta." Ya kama giyar, ta shige sumul kamar an shafa mata mai. Ya yi sauri ya saki.

"Na gani. Tauri ƙwarai."

"Kuma ja ce. Ja tana jawo 'yan sanda."

"Fuskarka ce ke jawo su." Ta juya ta dubi gilashin gaba. "Kai, saurara. Sayi abarka. Ni dama na gaji da tuƙinka. Mai tasi ya fi min, ba ya min baƙar magana."

"Wane mai tasi ne zai ɗauki zaginki kyauta? Sai ya sa a cikin kuɗin mota."

"In zage shi a kan me? Mutumin kirki ne."

"To shi ke nan, ki zauna shiru daga gida har asibiti, daga asibiti har gida. Mako biyu bakinki zai yi tsatsa, a haɗa da shi a wajen gashi."

Dillalin ya laluba aljihu ya ciro waya, ya kara a kunne, ya yi can bakin ƙofa da sandarta a hammata. Ba a ji wayar ta yi ƙara ba.

Suka zauna su biyu a cikin 'yar motar, kafaɗa na gugar kafaɗa. Rana ta gasa rufin, kujerun na warin tsohuwar fata.

"Wannan kake so," ta ce, muryarta ƙasa. "Na ga hannunka."

"Hannuna ba shi da hankali. Ya gaji kakarsa."

"Waccan za ta ci maka taya."

"Sai in rage shiga fili."

"Abokanka za su wuce ka a kwana."

"Dama suna wuce ni. Yanzu na samu abin da zan ɗora wa laifi."

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, fuskar ta ƙi ɗauruwa.

"To in ba haka ba," in ji Dogo, ya cire hular ya ɗora a cinya, "fito da kanki, ki taka zuwa rumfar can. Kina isa, ni kuma in karɓi makullin wannan."

"Sharaɗi kake kafa min? A gidana?"

"A motata."

"Ba ka saya ba tukuna."

"To a motar mutane. Kin shige musu kaya kin ƙi fita. Malam," ya ɗaga murya, "nawa za ka rage in an haɗa da tsohuwar ciki?"

Dillalin ya waiwayo. "Ai sai dai in ƙara. Irinta ba a kawowa yanzu."

"Ka ji mai ido," in ji Kaka. Dariyar ta ƙwace mata, har ta dafa ƙirji. "Kai dai an yi ɗan banzan yaro. Zagayo ka ciro ni, ƙafata ta yi barci. Kuma a hankali, ni ba buhu ba ce."

Ya zagayo, ya durƙusa, ta rataya hannu a wuyansa. Suka miƙe tare, tana salati, yana nishin ƙarya kamar ya ɗauki injin mota. Dillalin ya kawo sanda, ya buɗe ƙofar mai ruwan tokan, ya ja kujerar gaba zuwa baya yadda Kaka za ta samu wuri.

Kaka ta juya, ta dafa, ta zauna. Kujerar ta tare ta tun ba ta yi nisa ba. Ta zuro ƙafafu waje, ta dogara sanda, ta miƙe. Ba wanda ya taɓa ta. Ta sake zama, ta sake miƙewa, wai tana duba ko kujerar na ƙara. Sannan ta ja da baya ta ƙare wa motar kallo, tun daga fitilu har but.

"Mummuna ce," ta ce.

"Sai kun fi dacewa."

"Hanci kamar an taka. Launi kamar ruwan wanki."

"In bar ta ke nan?"

"Wa ya ce ka bar ta?" Ta koma ta zauna, ta jawo bel tana dariya. "Kakanka ma haka yake, kuma ya yi ƙarko. Karɓo makulli."